Filin Tseren da Ba Shi da Katanga

Wata ranar Laraba, bayan an tashi daga aji, wani ɗalibina ya tsaya a bakin ƙofa yana jiran in gama share allo. Salular yayansa ce a hannunsa. Ya ce, “Mushe, don Allah dubi wannan.” Na duba, sai ga motoci kusan arba'in masu launi iri-iri, sun cunkushe kamar tumaki a bakin rijiya, suna zagaya wani fili mai siffar ƙwai, dubban mutane kuwa suna zaune a bisa benaye suna kallo. Yaron ya tambaye ni inda motocin za su. Na ce masa ba inda za su, inda suka tashi nan za su tsaya. Ya yi dariya, sa'an nan ya jefo tambayar da ta bi ni har gida: “To, mu ina namu filin yake?”

Na fara ba shi abin da na sani. Wannan tsere na Amurka ne, kuma asalinsa ba wasan attajirai ba ne. A tsaunukan kudancin ƙasar akwai manoma masu dafa barasa a ɓoye, tun zamanin da aka haramta ta daga 1920 zuwa 1933, har bayan nan saboda gudun haraji. Samarinsu ne ke kai ta birni da dare. Sukan ɗauki motar kasuwa, irin wadda kowa ke saye, su ƙara wa injinta ƙarfi, su ƙarfafa mata ƙafa don ta ɗauki kaya, amma su bar jikinta yadda yake don kada ta ja idon ƴan sanda. Duk wanda ya san yadda man fetur yake tsallako iyaka ta wajen Jibiya da tsakar dare, ba sai an yi masa dogon bayani ba. Ranar Lahadi kuma sai samarin su taru a wani fegi su gwada wa ya fi wani. Daga nan aka kafa ƙungiyar NASCAR a 1948. Ɗaya daga cikin gwanayenta na farko, Junior Johnson, sai da ya yi wata 11 a kurkuku saboda barasar gidansu kafin ya ci babban tseren Daytona a 1960. Shi kansa filin Daytona, kafin a gina na kwalta a 1959, rabinsa rairayin bakin teku ne, rabinsa hanyar mota. Yau ana zagaya shi sau 200, wato kimanin kilomita 800, nisan da ya zarce na Maraɗi zuwa Yamai, alhali mutum bai bar unguwa ɗaya ba.

Game da namu kuwa, na ce wa yaron ba mu da shi. Ya karɓi salularsa ya tafi. Sai da na zauna cin tuwon dare na lura cewa na faɗa masa abin da ba haka yake ba, kuma ni ne bai kamata in yi wannan kuskure ba, domin a filin tsere na yi ƙuruciyata.

A Ɗan Gulbi, cikin shekarun 1980, da an kai amfanin gona gida, sanyi ya sauko, hazo ya rufe gari, mu yara sai mu koma sana'ar ƙera motoci. Karan dawa ne jikin mota, sakaina ko tsohon silifa ne taya, mai galihu kuma shi ne wanda ya samu gwangwanin sardin. Muna da fili a cikin kwari, inda rairayi yake da laushi: a tashi daga gindin wata goruba, a kewaya tsohuwar rijiya, a hau tudu, a ɓace wa ido bayan gonar wani tsoho da ba ya son ganinmu, a dawo. Sunan wasan “Dakar”, ko da yake babu ɗayanmu da ya san ko Dakar gari ne ko sunan mutum. Ni motata ba ta taɓa kaiwa rijiya ba tare da taya ta fita ba, saboda haka manyanmu suka ba ni wani aiki. Kowace mota ta tashi, in ajiye ƙodago ɗaya a gabana. Kowace ta dawo, in ɗauke ɗaya. In rana ta yi ja akwai sauran ƙodago a ƙasa, to, wani yana can yana kuka da karyayyar mota, ko tsohon nan ya kama shi, sai a tashi a nemo shi. A lokacin ina ganin aikin raini ne.

Wanda ya kawo mana sunan wasan kawuna ne, ƙanen mahaifiyata, wanda yake karen mota a hanyar Tawa zuwa Agadas, hanyar da aka shimfiɗa wa kwalta saboda uraniyom na Arlit. Shi ya ga abin da idonsa. Yakan ce a watan Janairu Agadas takan koma wani gari dabam: jirage a filin sauka kamar an zuba, Turawa jajaye da ƙura suna kwance a ƙasa gefen baburansu, makanikai suna kwance injin mota su mayar cikin dare ɗaya, kuɗin hayar ɗaki na kwana biyu ya kai na wata da watanni. Ya kawo mini wata takarda mai manne da lamba a jikinta, na liƙa wa motata ta kara. Ba ta hana tayar fita ba.

Tarihin wannan fili, in an bi shi daga bakin masu tseren, ya soma ne da ɓata. A 1977 wani saurayi Bafaranshe mai suna Thierry Sabine ya ɓace da babur ɗinsa a hamadar da ke kan iyakar Nijar da Libiya, yana cikin tseren Abijan zuwa Nice. An tsinto shi da kyar. Maimakon ya yi rantsuwar ba shi ba hamada, sai ya koma gida da niyyar kawo wasu su ga abin da ya gani. Ranar 26 ga Disamba 1978 motoci da babura 182 suka tashi daga Paris, suka tsallaka teku zuwa Aljeriya, suka gangaro ta Tamanrasat, suka shigo ƙasarmu ta Asamaka, suka bi ta Arlit da Agadas da Yamai, suka wuce Gawo da Bamako. Ranar 14 ga Janairu 1979, guda 74 ne suka isa Dakar. Abin lura shi ne yawancin motocin farkon nan na kasuwa ne, kamar dai na manoman Amurka. Wasu ƴan'uwa biyu, Claude da Bernard Marreau, da ƴar ƙaramar Renault 4 suka shiga, suka kuma isa cikin na gaba-gaba. Shi ya sa abin ya shiga ran direbobinmu. Sun ga motocin da suka sani, waɗanda suke kwana a ƙarƙashinsu da sifana a hannu, ana yi musu tafi a duniya.

Amma in an bi tarihin daga bakinmu, filin ya girmi Sabine da ɗaruruwan shekaru. Hanyar da ta ratsa Tenere daga Agadas zuwa Fashi da Bilma, kimanin kilomita 600, hanyar ayarin gishiri ce. Da kaka Abzinawa suke tashi da raƙumansu, su kai hatsi, su ɗauko gishiri da dabino, sa'an nan su gangaro ƙasar Hausa su yi rani. Kantun gishirin da kakata take fasawa tana ba awakinta ta wannan hanya ya zo, hatsin da aka musanya shi da shi kuwa daga rumbunan irin namu ya fita. Ashe muna da hannu a cikin filin tun kafin a haifi kakan mai mota. A kan hanyar akwai wata itaciyar kandili guda ɗaya tak kusa da wata rijiya, wadda madugai suka yi ta wucewa ba wanda ya taɓa karya reshenta don dafa shayi. A 1973 wata babbar mota ta banke ta. An kwashe gangar jikinta zuwa gidan tarihi na ƙasa a Yamai, inda na je na gan ta cikin rumfarta, aka kafa ta ƙarfe a madadinta. Ko da masu tsere suka iso, ta ƙarfen suka tarar. Ina yawan tunanin wannan: fili mai faɗin da ido ba ya kai ƙarshensa, itaciya ɗaya, kuma mota ta same ta.

Akwai labari biyu da nake son mai karatu ya riƙe. A Janairun 1982 Mark Thatcher, ɗan firayim ministar Ingila ta lokacin, ya ɓace a kudancin Aljeriya tare da abokan tafiyarsa biyu. Motarsu Peugeot 504 ce, irin wadda ake haɗawa a Kaduna a wancan lokaci, irin wadda take jigilar mutane tsakanin Maraɗi da Katsina. Kwana shida duniya ba ta da wani zance, jiragen sama suna ta shawagi, har jirgin sojan Aljeriya ya hango su da ransu. A shekarar da ta biyo, 1983, tseren ya ratsa Tenere karo na farko, guguwar rairayi ta taso ta rufe sama da ƙasa, mutum wajen 40 suka saki hanya. Sabine ya yi kwana huɗu yana yawo da jirgi mai saukar ungulu yana tsinto su, har aka tattaro su duka. Ba na faɗin haka da hassada. Ran kowane mutum ya cancanci a tashi jirgi dominsa. Abin da ya sa aka same su shi ne an rubuta sunansu da lambarsu lokacin da suka tashi, kuma akwai mai zaune a ƙarshen zango da takarda a hannu, yana jira.

Shi Sabine bai daɗe ba. Ranar 14 ga Janairu 1986 jirginsa ya faɗi kusa da Gurma Rarus a ƙasar Mali, ya mutu tare da mutum huɗu, cikinsu har da mawaƙi Daniel Balavoine, wanda ya biyo tseren don raba injunan ban-ruwa ga ƙauyuka. An ƙona gawar Sabine bisa al'adarsu, aka watsa tokar a gindin wata itaciya da ke arewacin Tenere, wadda har yau taswira take kira da sunansa. Ranar da kawuna ya ba da wannan labari a zaure, tsofaffi suka yi ta salati, wani ya ce ai ko maƙiyinka ba ka so masa wuta tun a duniya. Duk da haka babu wanda ya musa cewa mutumin ya so wannan ƙasa, ta hanyar da ya iya so.

Ba zan ɓoye ba, ra'ayina game da tseren ya rabu biyu, kuma har yanzu bai haɗu ba. Agadas ta ci moriyarsa. Ta dalilinsa masu yawon buɗe ido suka san hanyar Abzin, maƙeran azurfa suka samu kasuwa, samari suka koyi jagora da tuƙi a rairayi. Mano Dayak, wanda filin jirgin saman Agadas yake ɗauke da sunansa, abokin Sabine ne, kamfaninsa na yawon buɗe ido ya yi aiki da tseren, shi kansa ma ya shiga. Amma daga 1987, da Peugeot ta kawo motocin da aka ƙera musamman don tsere ta ci shekara huɗu a jere, abin ya tashi daga hannun masu motar kasuwa ya koma na kamfanoni. Gudu ya ƙaru, hanyar kuwa ba ta canza ba: ita ce dai wadda mata suke bi zuwa rijiya, yara suke kora awaki. A Amurka akwai katanga da ragar ƙarfe tsakanin mota da mai kallo, kuma mai kallon da ƙafarsa ya zo, ya biya kuɗin shiga. Namu filin ba shi da katanga, ƴan kallonsa kuma ba a tambaye su ba. A 1988 mota ta kashe wata yarinya ƴar shekara 10 a Kita ta ƙasar Mali, wata motar masu ɗaukar hoto ta kashe uwa da ƴarta a Muritaniya. Jaridar fadar Paparoma ta yi tir da tseren a shekarar. Sunayen direbobin da suka mutu suna nan a rubuce ɗaya bayan ɗaya; na mutanen gefen hanya sau da yawa sai dai a ce “wani yaro”. Ni da na liƙa lambarsu a motata ta kara, da ta ƙauyenmu suka bi, da ina cikin masu rugawa bakin hanya.

Ƙarshen abin ya zo a hankali. Tawayen arewa ya sa tseren ya yi ta kauce mana. Bayan yarjejeniyar zaman lafiya ta 24 ga Afrilu 1995, ya dawo a 1997, aka tashi daga Dakar aka zo Agadas aka juya. A 2000 ya iso Yamai a kan hanyarsa ta zuwa Alƙahira, sai aka samu labarin barazanar hari, aka soke zangunan Nijar, aka loda motocin cikin manyan jiragen dakon kaya aka tsallake da su zuwa Sabha ta Libiya. Filin da aka zo dominsa, ta sama aka wuce shi. A 2008 aka soke tseren baki ɗaya bayan kisan Faransawa huɗu a Muritaniya, daga 2009 ya koma Kudancin Amurka, daga 2020 kuma Saudiyya. Sunan Dakar kawai ya tafi da shi.

A jihar Karolina ta Arewa, a yankin su Junior Johnson, akwai wani tsohon fili mai suna North Wilkesboro. An buɗe shi a 1947 yana na jar ƙasa, wani ɓarinsa gangara wani ɓarin hawa, domin kuɗin daidaita ƙasar bai isa ba. A 1996 manyan tsere suka bar shi suka koma filayen da suka fi kawo kuɗi. Ciyawa ta fasa kwalta, benaye suka yi tsatsa. Mutanen garin suka yi shekara fiye da ashirin suna kuka, suna zuwa cire ciyawa da hannunsu, har hukuma ta sa kuɗi aka gyara, tsere ya dawo a 2023. Da na karanta labarin sai na tambayi kaina: mu me za mu je mu share? Ba mu da benen da zai yi tsatsa. Sawun taya kuwa iskar dare ɗaya ta ishe shi.

Sai dai namu filin ba a taɓa barinsa ba, kuma wannan ne abin da ya kamata in faɗa wa ɗalibina. Turawa sun tafi, hanya ta zauna, direbobi suka ci gaba da bin ta. Samarin da suka koyi rairayi a zamanin yawon buɗe ido, da baƙi suka daina zuwa, sai suka koma jigilar masu tafiya Libiya da Aljeriya. Motar kasuwa ce dai har yanzu, Toyota Hilux, an ƙarfafa mata ƙafa, an kakkafa sanduna a bayanta don fasinja su riƙe, mutum ashirin da wani abu a kan jarkokin ruwa, ana gudu ba don kofi ba, don a riga ƙishirwa isa rijiya ta gaba. A watan Oktoban 2013 motoci biyu suka tashi daga Arlit suka nufi Tamanrasat, wato zangon da masu tseren farko suka bi a 1979, sai dai su kudu suka nufo. Motocin suka lalace. Da aka kai ga mutanen a ƙarshen watan, gawa 92 aka ƙirga kusa da iyakar Aljeriya: yara 52, mata 33, maza 7. Yawancinsu daga yankin Kance ne a jihar Damagaram, Hausawa manoma irinmu, waɗanda damana ta ƙi. Gwamnati ta sa zaman makoki na kwana uku. Allah Ya jiƙansu. Sai bayan sun mutu aka ƙirga su. Da suka tashi babu wanda ya ajiye ƙodago.

A 2015 aka kafa dokar hana jigilar baƙin haure, aka fara aiki da ita sosai a 2016, aka kama direbobi aka tsare motoci. Tafiya ba ta tsaya ba, sai dai ta bar babbar hanya da rijiyoyin da aka sani ta koma ɓoyayyun hanyoyi, inda in mota ta mutu babu mai wucewa. An soke dokar a Nuwamban 2023. Masana shari'a da ƴan siyasa suna da abin faɗa a kan kafawar da sokewar, ni dai malamin makaranta ne, abin da na iya shi ne kiran suna. Madugun ayari ma, in an sauka zango, ba ya kwanciya sai ya san mutanensa da raƙumansa sun cika. Wannan ilimi namu ne tun fil azal, ba Sabine ya kawo shi ba, shi dai ya zo da takarda da jirgi.

Da hutu na je gaida kawuna. Ya tsufa, idonsa ya yi rauni, ya daɗe da ajiye tuƙi. Na ce, “Kawu, kana tuna Dakar?” Ya yi murmushi ya ce, “Ɗana, waɗancan ai wasa suke yi. In motarsu ta mutu, wata na tafe a baya ta kwashe su. Mu in tamu ta mutu, sai mu da Allah da abin da ke cikin jarka.” Ya yi shiru, sa'an nan ya ƙara da cewa amma fa sun iya tuƙi, kada in rage musu. Ya tambaye ni ko takardar nan mai lamba tana nan. Na ce ta tafi tare da motar, akuya ta cinye su.

Da aka koma makaranta na zana taswirar Nijar a allo, na ja layi daga Asamaka zuwa Agadas, daga Agadas zuwa Dirku da Bilma, na ce wa ajin ga filinmu. Na ba su labarin ayari, da itaciyar kandili, da mutum arba'in na cikin guguwa, da mutanen Kance. Na sa kowa ya je ya tambayi gidansu wa ya taɓa bin wannan layi, da raƙumi ko da mota, a wace shekara, ya dawo ko bai dawo ba, ya rubuto mini da Hausa. Takardu talatin da ɗaya suka dawo, babu ko ɗaya da ta zo fanko. Suna nan cikin akwatina, na rasa hukumar da zan kai wa.

Wanda ya jawo maganar bai kawo tasa ba. Ranar Litinin na buɗe littafin kiran suna, na kira shi sau biyu. Wani daga bayan aji ya ce, “Mushe, ya bi yayansa Libiya, tun ranar kasuwa.” Na tambayi ko an ji sun isa. Suka ce tukuna. Ban ja layi a kan sunan ba, na sa ɗigo da fensir a gefensa, na kira na gaba.